Kujerar Hagu

Hadari ya haɗo ta gabas, aka ce kowa ya dakata.
Muka ajiye huluna, muka tsallaka titi
gun Malam Ilu mai shayi, ƙarƙashin rumfar kwano,
mu huɗu da fararen riguna, kamar balbelu a bakin fadama.

Nafi'u ya fara, shi da magana ba ta kwana a cikinsa:
"Jirage uku na tafe, masu farfela.
Wani a ofis ya ga takardar, har da sa hannu."
Barira ta hura kofinta. "Wane wani?
Bara ma uku ne. Bara waccan shida aka ce mana."

Kyaftin Tanimu bai ɗago ba, yana ɓarar burodi.
"Biyar gare mu. Ɗaya na rumfa wata tara,
ana zare masa hanji ana ɗinke 'yan'uwansa.
Ku iya ƙirga huɗu kafin ku kai takwas."

Nafi'u ya riga ya tsoma yatsa a ruwan tebur
yana zana ƙasa: nan Kano, nan Azare,
nan Nguru, can gefen faranti Gashuwa.
"An ce gwamnati za ta biya kujerun da ba kowa.
Mutum goma ne, mutum biyu ne,
namu dai mu tashi, mu sauka."
"Har yaushe?" in ji Barira. "Har a gama zaɓe?
Tallafi inuwar gajimare ce,
kana shimfiɗa tabarma tana gusawa."

Tanimu ya yi dariya, ta farko tun safe.
"Na taɓa sauka a irin filayen nan.
Sau biyu muka zaga kafin a kore awaki."

Ni ban ce uffan ba. Lissafi nake a zuci.
Shekara bakwai ina kujerar dama,
ina karanta jerin dubawa, ina "To, Kyaftin."
Mutum biyar ne gabana a layi.
Jirgi ɗaya kyaftin huɗu yake ci.
In uku suka zo, zane na huɗu ya hau kafaɗata.
In ɗaya ne, zan leƙa ƙofar kawai.

Kuma ɗigon da ya kira Nguru, garinmu ne.
Duk wata uku Inna na zuwa Kano ganin likitan ido,
ta yi sammako, ta iso da la'asar,
ƙafa a kumbure, buhun wani a kan cinya.
Na auna tafiyar a sama, ban gaya wa kowa ba:
minti arba'in.
Ba ta taɓa jin muryata a lasifika ba.
Maƙwabta in sun tambaya, takan ce direba ne,
sai ta nuna sama da haɓa.

Malam Ilu na ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi.
"Ranka ya daɗe, kujerar nawa za ta kama?"
Nafi'u ya faɗa, har da ragin tallafin.
Ilu ya yi shiru, leɓɓansa na motsi.
"Kofi ɗari da ashirin ke nan, da madara.
To, a gaida mutanen Azare.
Kafin jiragen su iso, akwai ƙwan jiya, ba a biya ba."

Ruwa ya tsagaita. Wayoyinmu suka yi kuka tare.
Abuja, kamar jiya, kamar shekaranjiya.
Ilu ya kawo tsumma zai goge tebur,
ya tarar Nguru ta riga ta bushe.

Na zauna a dama, na ɗaura ɗamara.
Muka ɗaga, rufin Fagge na ƙyalli da ruwa,
Dala ta rage kamar tukunya a kife.
Tanimu ya juya hancin jirgi kudu.
Na saci kallon gabas ta tagarsa,
ya kama ni, bai ce komai ba.
Can sama, da muka daidaita, ya saki sanda.
"Riƙe," ya ce. "Uku ko babu, hannu na son saba wa."